Wa ke rubuta wa ƙasashe dokokinsu, da suke ta zama iri ɗaya?

Ɗan_Birni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ilmi da masu shekaru. In mutum yana bin labarun duniya zai lura ƙasashe suna ta kafa doka iri ɗaya, kusan a lokaci guda. Yau a ce kowa ya yi wa layin wayarsa rajista a Nijar, gobe ka ji haka a Najeriya da Gana. Harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, yana ko'ina. Hana leda, an yi a Ruwanda, an yi a nan Nijar, an yi a Kenya. Jami'o'i duk sun koma lisans, mastar, doktora. Alhali ƙasashen nan arzikinsu ba ɗaya ba, tarihinsu ba ɗaya ba, wasunsu ma ba sa ga-maciji da juna. To wa ke tsara wannan? Tilasta musu ake yi, ko kwaikwayo ne, ko kuwa damuwar ce ɗaya shi ya sa mafitar ta zo ɗaya?

Alhaji_na_Dole:
Wa alaikumus salam. Ɗan Birni, wannan ba sai an kai ga masu ilmi ba. Bashi ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu ba da rancen nan kuwa duniya ta san su, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato FMI, da Bankin Duniya. Sharaɗi ɗaya suke gindaya wa duk wanda ya je gabansu.

Mushe_Tsoho:
Alhaji ya faɗi gaskiya, sai dai ba ita ke nan duka ba. Bari in fara da ɓangaren da na gani da idona, don yaran yanzu ba su san shi ba. Farkon shekarun 1980 kasuwar yuraniyam ta faɗi, baitulmali ya bushe, Nijar ta shiga yarjejeniya da FMI a 1983. Abin da ya biyo baya shi ne: a tsuke ɗaukar ma'aikata, a sayar da kamfanonin gwamnati ko a rufe su, a sakar wa 'yan kasuwa cinikin hatsi. SONARA mai sayen gyaɗa, wadda duk wani dattijo a Matamai da Magarya ya san ma'auninta, a cikin wannan guguwar ta tafi. A shekarar nan ta 1983 Gana ma ta fara nata gyaran, da sharuɗɗan da suka yi kama da namu ƙwarai. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, tsuke kuɗin karatu ne ya fito da su kan titi.

Sai babbar, Janairu 1994. Aka taru a Dakar aka karya darajar sefa da rabi. Tamma 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, aka wayi gari sai da 100. Duk ƙasashen da ke cin sefa rana ɗaya abin ya same su. Albashinmu yana nan yadda yake, kuɗin magani da na littafi suka tashi. Ranar babu wanda ya tambayi malamin lakwal na Damagaram ra'ayinsa.

Bakano_a_Zongo:
Mushe, Allah ya ƙara girma. Mu ma a can haka aka yi. Babangida ya shirya muhawara ta ƙasa baki ɗaya, jama'a suka ce ba su son bashin FMI, sai ga shi a 1986 an kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda sharuɗɗan nan ne dai aka sa musu suna na gida. A shekarar aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta gyaɗa. Ka ga Kano da Damagaram, Ingila ta mulki ɗaya, Faransa ta mulki ɗaya, amma a shekaru goma ɗin nan hanya guda aka bi da su.

Manomin_Magarya:
Gyara kaɗan, Mushe. Gyaɗa ta riga ta durƙushe tun kafin FMI ta zo. Farin shekarun 1970 da cutar da ta kama ta a 1975 su suka sa iyayenmu suka koma wake. Kada mu ɗora wa baƙo har abin da ya tarar.

Ɗalibar_Tattali:
Ina gaida iyayena. Abin da muke karantawa a nan jami'ar André Salifou ya taɓa wannan, don haka ku ba ni dama. Banda tilas na mai ba da bashi, akwai wanda ƙasa ta sa hannu da kanta. An kafa UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu cin sefa, a Dakar ranar 10 ga Janairu 1994, yanzu ƙasashe takwas ne, kuɗinsu ɗaya, babban bankinsu ɗaya, wato BCEAO. In kuɗinku ɗaya ne, ɓarnar da wata ƙasa ta yi a kasafinta kowa zai ji a jikinsa, shi ya sa a 1999 suka rattaba hannu kan ma'aunin da kowa zai bi, aka sake gyara shi a 2015. Giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, hauhawar farashi kada ta wuce kashi 3, bashi kada ya wuce kashi 70, albashin ma'aikata kada ya cinye fiye da kashi 35 na harajin da aka tara.

Abin lura, wannan kashi 3 ɗin ba a Dakar aka haife shi ba. Yarjejeniyar Maastricht ta 1992, wadda Turawa suka shirya kuɗin yuro da ita, ita ke da shi. Wato an ɗauko ma'aunin Jamus da Faransa an auna Nijar da shi, ƙasar da rabin mutanenta yara ne masu buƙatar aji da allurar rigakafi.

Malamin_Kwantaragi:
Ƙanwata, wannan kashi 35 da kika ambata, mu ne muke ɗauke da shi. Ana son kowane yaro ya shiga lakwal, ba a son albashi ya ƙaru, sai aka ƙirƙiro mu. Alli ɗaya, aji ɗaya, wahala ɗaya da malamin da aka ɗauka dindindin, amma abin da ke shiga aljihu ba ɗaya ba. Wasunmu sun yi furfura a kwantaragi.

Ɗalibar_Tattali:
Haka ne Yaya, kuma shi ma tsarin aro ne. Senegal ta fara a 1995 da sunan malaman sa-kai, Nijar ta bi a ƙarshen shekarun 1990, Mali da Burkina ma suka yi irin nasu. Amma a faɗi ɗaya gefen: ba don shi ba, ƙauyuka da yawa da ba su ga malami ba har yau. An samu yawan azuzuwa, ingancin karatun ne ya sha wuya.

Direban_Matamai:
Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma ga misali daga sana'ata wanda babu FMI a ciki. Da can Najeriya hannun hagu take tuƙi irin na Ingila. A watan Afrilu 1972 ta koma dama, Gana ta bi a 1974. Dalili? Duk maƙwabtansu dama suke bi, Nijar, Benin, Cadi, Togo. Ka duba motocin da ke ƙetarawa ta Ɗan Barto zuwa Daura kullum, a ce kowace sai ta sauya hannu a kan iyaka, rayuka nawa za a rasa? Wani lokaci zama wuri ɗaya ne kawai ke sa a daidaita.

Tsohon_Duwan:
Direba ya kawo magana mai nauyi. Ina so in kare wannan daidaitawar kaɗan, don na ga zauren ya karkata ga zarginta.

Kafin a haɗa harajin shigo da kaya, kowace ƙasa da nata lissafi, ɗan kasuwa mai wayo sai ya sauke kayansa inda ya fi sauƙi ya bi da su ta daji. Daga 1 ga Janairu 2015 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (ECOWAS), ta fara aiki da haraji guda a kan kayan waje, mataki biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. TVA kuwa Faransa ce ta fara shi a 1954, yau ƙasashe sama da 160 suna karɓarsa. Ba don ana ƙaunar Faransa ba, don yana tara kuɗi ne, kuma kowane mai saye yana zama shaida a kan mai sayarwa ta hanyar takardar ciniki. Mu a nan kashi 19 ne, yawancin 'yan UEMOA 18, Najeriya ta fara da 5 a 1994 ta kai shi 7.5 a 2020. Amurka kuwa har yau gwamnatin tarayyarta ba ta karɓarsa, kuma ba wanda ya isa ya matsa mata.

Ga kuma OHADA, da aka sa wa hannu a 1993, ƙasashe 17 da dokar kasuwanci guda da babbar kotu a Abidjan. Ɗan Damagaram da ya yi wa kamfaninsa rajista a nan, in ya je Kwatano ko Duwala ba baƙon doka ba ne. Wannan ribar ba a jin ta a rediyo, amma tana nan.

Alhaji_na_Dole:
Ranka ya daɗe, a takarda duk abin da ka faɗa haka yake. Amma ɗauko kaya daga Kwatano ka kawo Kasuwar Dole, ka ƙirga tsayawar da za a yi maka a hanya da abin da za ka ajiye a kowace. Wannan ba ya cikin mataki biyar ɗin nan. Kuma a Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta fiye da shekara, alhali ita ma ta sa hannu a kan zirga-zirga ba shinge. Babba yana bin dokar ne ranar da ta yi masa daɗi.

Ungozoma_Mirya:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma maganar Alhaji ta ƙarshe ita ce ta taɓa ni, don a fannin lafiya mun ga wannan abu ya je ya dawo.

A 1987 aka yi taro a Bamako, hukumar lafiya ta duniya da UNICEF da ministocin Afirka, aka ce mafita ita ce mara lafiya ya biya wani abu, a juya kuɗin a sayo magani. Ƙasa bayan ƙasa aka ɗauka, mu ma muka ɗauka. Magani ya samu a kanta, gaskiya ne, amma mace mai yaro da zazzaɓi in ba ta da ko dala sai ta zauna gida har jiki ya yi tsanani. Bayan kusan shekara ashirin sai masana suka juya suka ce biyan nan yana kashe yara, a cire shi. Nijar tana cikin na farko a yankinmu: fiɗar haihuwa kyauta a 2005, yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta a 2006. Saliyo ta yi a 2010, Burkina a 2016.

Wallahi na ga amfaninsa. Mata suka riƙa kawo yara da wuri, rumfar jira ta cika. Amma tsarin cewa ya yi mu duba kyauta, mu rubuta takarda, a maido mana kuɗin. Takardun suna tafiya, kuɗin ba ya dawowa sai bayan watanni, wani lokaci shekaru. Kanta ta bushe. Sai ka duba yaro kyauta ka rubuta wa uwar magani ta je ta saya a waje. In baƙo ya karanta dokarmu da ta Burkina zai ce ai ɗaya suke. Zo ɗakin magani ka gani. Dokar ce take ƙetare iyaka cikin sauƙi, kuɗin aiwatar da ita da mutanen da za su tsaya a kanta ba sa biyo ta.

Ɗan_Birni:
Allah ya saka da alheri, Inna. To ke nan mutanen da suka ce a biya su ne suka dawo suka ce kada a biya? Wannan ya ƙara mini wata tambayar: ta wace hanya ra'ayin yake bi ya iso teburin minista?

Ma'aikacin_Furoje:
Wannan zan iya amsawa, don a ciki nake cin abinci. Ba kullum ake zuwa da sanda ba. Wani tsari ya yi nasara a wata ƙasa, sai a rubuta rahoto, a kira taron bita, a kai manyan daraktoci ziyarar gani da ido. Su dawo, a turo ƙwararre ya taya su rubuta takardar manufa, shi kuwa ƙwararren ya riga ya rubuta wa ƙasa uku irinta. Kuɗin kuma an riga an keɓe su don wannan tsarin, ba don wani ba. Minista yana da zaɓi biyu: ya karɓa, ko ya tashi hannu wofi.

Misali, tsarin ba wa talakawa kuɗi a hannu. Meziko ta fara a 1997, Burazil ta faɗaɗa nata a 2003, Bankin Duniya ya ɗauka ya yaɗa. Nijar ta fara a 2011, jika goma kowane wata ga matan gidajen da aka zaɓa. Najeriya ta zo da naira 5,000. Ni ban ce mugun abu ba ne, na ga gidajen da ya hana sayar da akuyar ƙarshe. Amma yadda ake zaɓen wanda zai samu, da tambayoyin rufin ɗaki da yawan dabbobi, yana haddasa gaba a ƙauyen da kowa ke ganin duk talaucinsu ɗaya.

Sannan kada a manta, manyan ma'aikatan kuɗi na ƙasashen nan makarantu ɗaya suka yi, littafi ɗaya suka karanta, taro ɗaya suke haɗuwa. Ko ba a matsa musu ba, tunaninsu zai zo kusa.

Hajiya_Sabon_Gari:
Ku yi haƙuri in koma kan ledar da Ɗan Birni ya ambata, don ita ke ci mini rai. An ce tun 2014 aka yi dokar hana ta a ƙasar nan. To ina dokar take? Ko barkonon dala biyar ka saya a leda za a ƙulla maka. Magudanun ruwa sun toshe, awaki suna ci suna mutuwa, bishiyoyin bakin gari duk baƙar leda.

Bakano_a_Zongo:
Hajiya, Ruwanda ta hana a 2008 kuma ta tsaya a kai, har a filin jirgi ana karɓe ta. Kenya ta yi a 2017 da tara mai tsanani. Bambancin ba a rubutun yake ba.

Hajiya_Sabon_Gari:
To ai shi ne. Kuma ko an tsaya a kai a nan, in ana yin ta a Kano ana shigo da ita ta Maigatari, aikin banza ne. Wannan kam dokar da ya kamata a yi tare ce, ba kowa shi kaɗai ba.

Mushe_Tsoho:
Tunda an taɓo takarda da aiki, bari in kawo na siyasa, wanda ya shafi garin nan kai tsaye. Fabrairu 1990 Benin ta yi taron ƙasa. Yuni 1990 shugaban Faransa Mitterrand ya faɗa a taron La Baule cewa taimakon Faransa zai fi karkata ga masu bin dimokuraɗiyya. Kafin ka ce me, Kongo, Togo, Mali, duk taron ƙasa. Namu ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, André Salifou ne ya shugabance shi. Ba na cewa umurni aka ba mu, don 'yan ƙwadago da ɗalibai sun zubar da jini a kansa, kuma ganin Benin ta yi ne ya ƙarfafa musu zuciya.

Amma da aka zo rubuta kundin tsarin mulki na 1992 sai aka ɗauko fasalin Faransa: shugaban ƙasa da ƙarfi, firaminista ma da ƙarfi. Mahamane Ousmane, ɗan garin nan, ya ci zaɓe a 1993. A 1995 'yan adawa suka samu rinjaye a majalisa, Hama Amadou ya zama firaminista, aiki ya tsaya cik tsakanin ofis biyu, Janairu 1996 soja suka karɓa. A Faransa an yi irin wannan zaman tare an wuce lafiya, don suna da al'adun da ba a rubuta ba waɗanda ke riƙe da shi. Mu rubutun muka samu.

Matashin_Karkada:
Baba Mushe, duk wannan tarihi ne, yanzu an wuce wurin. Dokar 2015-36 da ta mai da direbobin Agadas masu ɗaukar baƙin haure masu laifi, kowa ya san don hankalin Turai ya kwanta aka yi ta, kuma an soke ta a Nuwamba 2023. An fita daga CEDEAO. Yanzu mu ke rubuta namu da hannunmu.

Ɗalibar_Tattali:
Yayana na Karkada, dokar 2015 kam misali ce mai kyau ta matsin lamba, ban musa ba. Amma duba abin da ke faruwa tsakanin ƙasashe ukun da suka fita, wato Mali, Burkina da Nijar. Mali ta sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma a kundinta na 2023, Burkina ta bi, mu ma a 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. Mali ta sake dokar ma'adinai a 2023 don kason gwamnati ya ƙaru, Burkina ta sake tata a 2024, Nijar ta karɓe kamfanin yuraniyam na Somaïr a 2025. Ka ga ai daidaituwar ba ta tsaya ba, abokan tafiyar ne suka sauya. Kuma har yanzu muna cikin UEMOA, sefa muke kashewa, shirinmu da FMI ma bai yanke ba.

Matashin_Karkada:
Na ji, amma akwai bambanci tsakanin ka ga ɗan'uwanka ya yi abu ya yi maka kyau ka yi, da a ce maka yi ko a hana ka abinci da magani. Mun ɗanɗana na biyun a takunkumin CEDEAO daga Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, har wutar lantarki aka yanke mana.

Malam_na_Garin_Malam:
Bismillah. Ina so in tuna wa zaure cewa akwai inda wannan abu yake cijewa. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 a kan haƙƙin mata, ƙasashen Afirka da yawa sun amince da ita, amma majalisar dokokin Nijar ta ƙi ta a 2006. Dokar iyali kuwa an yi ta yunƙurin kafa ta shekara da shekaru, ba ta wuce ba. Haraji da kwastan da tsarin jami'a ana iya sauya su daga ofis, talaka bai sani ba sai ya ji a jikinsa. Amma aure da gado da tarbiyya, nan mutane suna tsaye a ƙofar gidansu. Ko lokacin korona a 2020, da aka kwafo rufe masallatai daga ƙasashen da cutar ta yi wa ɓarna, kun ga tarzomar da aka yi a Mirya. Da an fara zama da malamai da sarakuna kafin sanarwa, da ba a kai can ba.

Ungozoma_Mirya:
Allah gafarta Malam, a kan shawara da malamai ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Amma ina roƙo kada a fahimci cewa duk abin da ya zo daga waje a fannin lafiya abin ƙi ne. Cuta ba ta tsayawa a duwan. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaranmu na kan iyaka ma sun shanye. Sai da kowa ya koma tsari ɗaya, rana ɗaya a ɓangarori biyu na iyaka, sannan a Agusta 2020 aka ce Afirka ta rabu da ita. Sanƙarau ma haka, allurar da aka fara a Burkina da Mali da Nijar a ƙarshen 2010 ta karya irin wanda ya fi kashe mana mutane. Kuma maganar mata, Malam, ni ke karɓar haihuwar 'yan shekara goma sha huɗu. Wannan ba Bature ne ya gaya mini ba.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a a ci gaba cikin mutunci kamar yadda aka faro. Maganar shekarun aure a buɗe mata nata zaren daban, don in ta shigo nan za ta cinye wannan.

Manomin_Magarya:
Tun ɗazu ana magana kamar kullum mu ne masu karɓa. Ku zo gonakin Magarya da Matamai da Mirya ku ga gawo. Bayan farin 1984 manoma suka daina tumɓuke tsiron da ke fitowa daga kututture, suna zaɓar mai ƙarfi su sassabe sauran su bar shi ya girma. Sassaben zamani ke nan. Abin da ya ƙarfafa shi, mutane sun fara jin cewa itacen da ke gonarsu nasu ne, ba na ma'aikacin daji ba. Masu bincike da suka duba hotunan sama sun ce wajen hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram. Yau ana koyar da wannan a Habasha, Senegal, Gana da sauransu, har yana shiga takardun manufofinsu. Ba minista ne ya ƙirƙiro shi ba, kuma ba a ci bashi a kansa ba.

Hajiya_Sabon_Gari:
Allah ya yi maka albarka, ka tuna mini. Asusun Mata Masu Dubara fa? A jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, a kan adashen da iyayenmu suka saba. Akwati mai makulli, zubi kowane mako, rance a tsakaninmu, rabo a ƙarshen zagaye. Yanzu ana yin sa a ƙasashe da dama na Afirka har da Asiya. Ni kaina da shi na fara sana'ar ƙuli-ƙuli.

Ungozoma_Mirya:
Ku ƙara da makarantar mazaje. A jihar Damagaram aka fara ta tsakanin 2007 da 2008 tare da UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, magidanta suna zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a likita, su kuma ja hankalin sauran maza. Ƙasashen yankin nan da dama sun ɗauka. Sai dai ina jin tsoron kada a can ta zama abin da namu na aro suke zama a nan, a ɗauki sunan a bar abin da ya sa ta yi aiki, wato mazan da gari ke jin maganarsu.

Jikan_Fada:
Ina bin ku a hankali. Aron tsarin mulki bai fara da zuwan Bature ba. Ku dubi fadar Damagaram: Ciroma, Galadima, Yarima, Kaigama, Kacalla, tsarin Barno ne, kuma za ka same shi a Kano da Katsina da Zazzau. Barno ce babbar daula a lokacin, mai son a ɗauke shi da daraja sai ya tsara fadarsa yadda ake ganewa. Amma kowace masarauta ta ba muƙaman nan aikin da ya dace da ita, Galadiman wani gari ba aikinsa ɗaya da na wani ba. Kuma an yi haka ne cikin ɗaruruwan shekaru, ba cikin wa'adin furoje ba.

Dillalin_Wake:
Akwai hanya guda da ban ji an ambata ba, kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Ba ta ce kowa ya sauya dokarsa ba, cewa kawai ta yi ba ta saye. In kana son kasuwarta sai ka bi ma'auninta. Mu da wakenmu ke bi ta Najeriya abin ya shafe mu, shi ya sa nake ta yi wa manoma nasiha su koma buhu mai ninki uku su bar zuba guba.

Mai ma haka. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, nan take sana'ar 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da man Najeriya a bakin titi, ta girgiza a garin nan, kowa ya koma gidan mai. Matatar SORAZ ganga 20,000 aka gina ta ta tace a rana, da can wani kaso na buƙatar gari man Najeriya ke rufe shi. A 2024 aka rage lita zuwa tamma 499, a farkon 2025 kuma kun ga layin da aka yi. Farashin da aka yanke a Abuja sai da ya shigo lissafin Yamai, ko ana so ko ba a so.

Ɗan_Lisans_Uku:
Ba a amsa na jami'a ba. Ministocin ilmi na Turai ne suka haɗu a Bologna a 1999 don takardun shaidarsu su yi daidai, ɗalibi ya iya tashi daga wata ƙasa ya ƙarasa a wata. UEMOA ta umurci ƙasashenta su koma LMD, wato lisans, mastar, doktora, a 2007. In ba mu bi ba, takardarmu ba za a gane ta a waje ba, wannan dalili ne mai ƙarfi. Amma tsarin yana so a yi ƙananan rukuni, ɗakin karatu mai littattafai, intanet, zango ya fara kan lokaci ya ƙare kan lokaci. Mu kuwa shekarar karatu tana shiga cikin wata, lisans na shekara uku yana cin huɗu ko biyar.

Ɗan_Birni:
Na gode ƙwarai jama'a. Har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba. Mushe da Inna Ungozoma sun nuna aro yana lalacewa in bai samu ƙasa ba, Direba da Tsohon Duwan sun nuna wani ba makawa sai an daidaita. To kafin a sa hannu, wa ke da alhakin tantance wanne ne wanne? Akwai inda ake tambayar irin su Malamin Kwantaragi kafin a yanke?

Malamin_Kwantaragi:
Ana kiran shugabannin ƙungiyoyinmu taro, amma galibi bayan an gama rubutu. A ba ka takarda mai shafi ɗari da safe a ce ka amince kafin la'asar.

Tsohon_Duwan:
Ɗan Birni, tambayarka ta yanzu za ta samu gwaji nan kusa. A 2025 ƙasashen AES, wato ƙawancen Mali, Burkina da Nijar, sun sa harajin kashi 0.5 a kan kayan da ke shigowa daga waje don ɗaukar nauyin ƙungiyar, wanda kusan irin wanda CEDEAO ke karɓa ne. Sauran aikin, wato ko za a ci gaba da mataki biyar ɗin nan ko za a tsara wani, da yadda za a yi da kayan Najeriya, shi ne zai taɓa Kasuwar Dole kai tsaye. Alhaji, ku da ke da ƙungiyar 'yan kasuwa, an neme ku a kan wannan kuwa?

Alhaji_na_Dole:
Ni dai ban ji ba, amma ban halarci zaman da ya wuce ba. Zan tambayi shugabanmu bayan sallar Juma'a in dawo muku da abin da ya ce.